Tozon Farfesa

Ƙarfe goma na safe ne kawai, amma rufin kwanon kamfanin ya riga ya ɗauki zafi har yana ƙona tafin hannu. Abdurrahim na durƙushe a can sama, gwiwarsa ɗaya a kan guntun kwali, sukundireba a bakinsa, yana leƙa cikin wani akwatin ƙarfe da bai fi girman akwatin rediyo ba. Ya zaro 'yar takardar tace iska da ya sa jiya da yamma tana fara fat. Yau ta koma kamar gindin tukunya. Abin da mutanen Fatakwal ke shaƙa ke nan safe da yamma, baƙar tokar nan da ke sauka a kan shanya da abinci, har cikin hancin jarirai.

A ƙasa, cikin inuwar bango, Farfesa na tsaye da farar hular kwano da ko ɗigon gumi ba ta taɓa gani ba. Manyan kamfanin sun kewaye shi, yana nuna rufin da yatsa yana yi musu bayanin na'urar da ya ce ya ƙirƙiro.

"Abdul, ka gama kuwa?" ya ɗaga murya da Turanci.

"Saura kaɗan, sa."

Shekara bakwai ke nan Abdurrahim yana neman digirin digirgir a fannin fiziks na injiniya, kuma wannan akwati shi ne karatun nasa gaba ɗaya. A ciki akwai wani siririn hasken leza da ke ratsa iska. Duk ƙwayar tokar da ta gifta sai ta watsa hasken, na'urar kuma ta ƙirga. Shi ya zana ta, shi ya bi kasuwar Onitsha rumfa-rumfa yana tsinto kayan haɗinta, shi ya ƙona yatsu wajen liƙa wayoyinta. Kundin bincikensa ya kammala shi tun shekara uku da suka wuce. Yanzu irin wannan akwati guda biyar ne a kan rufin kamfanoni daban-daban, duk da sunan Farfesa a jiki, kuma duk garin babu wanda ya iya saita su in sun rikice sai shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abu ɗaya ya rage tsakaninsa da kare kundin: Farfesa ya sa hannu a wani fom mai shafi ɗaya, wanda ke cewa aikin ya isa a kira mai jarrabawa daga waje.

A hanyar komawa, yana kujerar gaba kusa da direba, ya juyo cikin ladabi.

"Sa, maganar fom ɗin nan..."

Farfesa ya yi dariya, irin dariyarsa mai daɗi da ke sa mutum ya ji kunyar tambayar da ya yi. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga wa Abdurrahim murya ba, kuma da ya taɓa yi, da wataƙila abin ya fi sauƙi.

"Saurin me kake yi, ɗana? PhD no be akara wey dem dey fry for road, digirin digirgir ba ƙosan bakin titi ba ne. Babi na huɗu yana son in ƙara dubawa." Ya mayar da ido kan wayarsa. "Ka gaida min Baba. Tozon da ya aiko wancan satin, har yau matata maganarsa take yi."

* * *

Anti Theresa ce ta aiko masa da saƙo ya biyo ta ofis kada ya wuce. Ita ce sakatariyar sashen, 'yar Zonkwa, shekararta goma sha takwas a kan wannan tebur, kuma ita kaɗai ce a duk ginin suke Hausa da shi. Da ya shigo sai ta tashi ta tura ƙofa, abin da ba ta saba yi ba.

"Zauna, ƙanena. Ka ci abinci?"

"Na ci, Anti. Lafiya dai?"

Ta miƙo masa takarda. Daga ofishin manyan digirori take, layi huɗu kacal. Dokar jami'ar shekara bakwai ce iyaka. Duk ɗalibin da fom ɗinsa bai iso ba zuwa ƙarfe huɗu na ranar Juma'a ta sama, an soke sunansa. Ya karanta sau biyu. Yau Alhamis, saura kwana takwas.

"Zai sa hannu," in ji shi, muryarsa ba ƙarfi. "Ya ce babi na huɗu kawai..."

"Babi na huɗun da ya ce bara? Da wanda ya ce bara waccan?" Ta cire tabarau ta ajiye. "Kundinka yana cikin durowarsa ta ƙasa. Ni nake share ofishin in mai shara ba ta zo ba. Ko zaren da ka ɗaure shi da shi bai kwance ba."

Fankar sama na ta juyi tana ƙara.

"Zan gaya maka wata magana, in ka ce daga bakina ka ji, zan ce ƙarya kake yi. Kafin kai, ɗalibai uku ya sallama. Ka san me ya sa? Ba su da amfani a wurinsa. Ɗaya ko waya bai iya ɗaurawa ba, shekara huɗu ya sa masa hannu don ya rabu da shi. Kai kuwa kai ne injiniyansa, kai ne ɗan aikensa, kai kake duba masa takardun jarrabawa. Sannan duk Asabar ga nama har gida. Ka gaya min, wane mai hankali ne zai saki saniyar da yake tatsa?"

"Naman ai gaisuwa ce, Anti. Baba ne..."

"Na san gaisuwa ce. Ni ma 'yar gida ce, na san yadda ake girmama malami. Amma shi ba haka ya karanta ta ba. Kuma kada ka ce don ba namu ba ne. Na yi aiki a jami'a a Arewa kafin aure ya kawo ni nan, na ga mai gemu da carbi ya riƙe yaro shekara tara saboda yana kai masa yara makaranta."

"In na kai ƙara fa?"

"Gun wa? Shugaban tsangayar ɗalibinsa ne. Za su ba ka kujera, su ba ka ruwan sanyi, su kafa kwamiti." Ta mayar da tabaraunta. "Ni dai shawarata, ka daina yi masa daɗi. Ka tsayar da naman nan. Wataƙila in ya ga nonon ya fara ƙafewa, ya sake ka."

Ya ninke takardar ya fito. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu ko kalma ɗaya a maganarta da bai riga ya sani ba. Ya dai ƙi yarda ya faɗa wa kansa ne.

* * *

Mahaifin Abdurrahim, Malam Ɗanjuma, ya zo Fatakwal daga ƙasar Gumel yana saurayi, da wuƙa ɗaya da tabarma. Yau shekararsa saba'in da biyu, arba'in da bakwai daga ciki a mayankar Trans-Amadi ya yi su. Bai yi boko ba, amma ya yi allo, kuma a wurinsa karatu duk ɗaya ne: akwai malami, akwai ɗalibi, akwai albarka a tsakani. Shi ya yi wa malaminsa noma damina shida kafin ya sauke. Ranar da ɗansa ya gaya masa an ba shi malamin da zai duba aikinsa, tambaya ɗaya ya yi: ina gidansa? Tun daga wannan satin, duk Asabar sai ya ware tozon sa mafi kyau da wutsiya, ya naɗe da hannunsa, ya ba Abdurrahim ya kai. Ko ranar da aka kwantar da shi asibiti da hawan jini, sai da ya aika aka yanka.

Duk mayankar Dakta suke kiran Abdurrahim. Da farko da alfahari ne. Yanzu kuwa an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba, sunan ya fara ɗaukar wani ɗanɗano, har akwai masu tambayarsa ko maganin basir ya iya.

Wannan Asabar ya tarar da tsohon ya riga ya naɗe ƙunshin. Hayaƙin babbakar ganda ya cika wurin, ƙasa ta jiƙe da ruwa da jini, masu ɗaukar nama a kafaɗa na ta neman hanya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya jira har aka sallami wata mai saye, sannan ya matso.

"Baba, ina son mu dakata da kai naman nan."

Malam Ɗanjuma ya ci gaba da goge wuƙarsa. "Ya ce ba ya so ne?"

"A'a. So ɗin ne ma ya yi yawa." Ya kwashe duk abin da ke cikin takardar ya gaya masa, da kwanakin da suka rage, da abin da yake zargi, bai dai ambaci sunan Anti Theresa ba.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ajiye wuƙar a hankali.

"Wato ni ne na hana ka gamawa."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Ka ce mana. Ka ce alherin da nake yi shi ya zame maka sarƙa. To bari ka ji, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Malamin da ya riƙe ka, akwai abin da ya hango. Ni malamina sai da ya mayar da ni baya izu goma saura kwana kaɗan in sauke, na yi kuka, daga baya na gode masa. Ku 'yan boko kun san lissafi, ba ku san albarka ba. Yanzu da ya rage kwana shida, lokacin da ya kamata a ƙara, shi ne za ka ce a janye hannu? Ya ce mu mutanen banza ne, da ma don takarda muke yi?"

"Baba, shi ba irin malaminku ba ne."

"Malami malami ne." Ya ɗauki ƙunshin ya ɗora masa a hannu. "Ina son in ga ka sa rigar nan ta gama karatu da hular kafin in kwanta dama. Ban roƙe ka komai ba bayan wannan. Ɗauki ka kai."

Abdurrahim ya ɗauka. Ya hau keke mai ƙafa uku, amma da aka zo mararrabar da zai sauka ya nufi unguwar malaman jami'a, sai ya bar keken ya wuce da shi Mile One, unguwar da yake zaune. Tunda aka haife shi bai taɓa saɓa wa tsohon nan ido da ido ba, ga shi yau ya saɓa masa a ɓoye, wanda ya fi muni.

Matarsa Zakiyya ta buɗe ƙunshin ta dube shi, ta sake duban naman, ba ta tambayi komai ba. Ta yi farfesu da rana. 'Yarsu Bashira, wadda aka haifa a shekarar da ya fara wannan karatu, ta cinye nata ta lashe yatsu.

"Umma, wannan wane irin nama ne mai taushi haka?"

"Tozo ne."

"Me ya sa ba mu taɓa ci ba?"

Abdurrahim ya ture kwanonsa gefe, ya ce ya ƙoshi.

Dabarar ba ta yi kwana uku ba. Ranar Litinin Farfesa ya wuce shi a baranda kamar bai gan shi ba. Ranar Talata kuwa ya ɗauki waya da kansa ya kira Malam Ɗanjuma, cikin fara'a, wai yana tambayar lafiyarsa ne, don sun ga shiru wannan satin sun ɗauka ko jikin ne ya motsa.

* * *

Tsohon bai yi faɗa ba. Da ya yi, da Abdurrahim ya samu abin riƙewa. Ranar Laraba bayan la'asar ya zo ƙofar gidan ɗansa cikin farar rigarsa ta Juma'a, da keke a tsaye, an ɗora cinyar sa guda da tozo biyu a baya.

"Sa hularka. Ka ɓata, za mu je mu gyara."

"Baba, don Allah..."

"Sa hularka, Abdurrahim."

Gidan Farfesa na da shuke-shuke da kare a ɗaure. Ya tarbe su da hannu biyu, ya ce Baba ya hau kujera. Malam Ɗanjuma ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya ƙi kujerar, ya zauna a ƙasa a kan tayil, dole ɗansa ma ya zauna kusa da shi. Mutumin da mahauta ɗari ke tashi tsaye in ya shigo mayanka, ga shi a gaban takalmin wani wanda ya girme wa da shekara goma sha biyar. Abdurrahim ya kafa ido a ƙasa.

Da Turancin kasuwa tsohon ya yi magana, wanda ya iya kamar ruwa, amma maganar tasa ta Gumel ce tsantsa. Ya ba da haƙuri a kan kuskuren yaro. Ya ce laifin nasa ne da bai zo da kansa ba tuntuni. Sannan ya kama hannun ɗansa, mai shekara talatin da takwas da furfura a gemu, ya miƙa wa Farfesa, ya faɗi abin da ubansa ya faɗa ranar da ya kai shi gaban malamin allo.

"Ga shi nan, na ba ka shi halak malak. Ba ni da iko da shi, kai ke da shi. In ka ga ya isa, ka sallame shi. In ka ga bai isa ba, ka riƙe shi har ranar da ka ga dama. Mu albarkarka kawai muke nema."

A can gida, duk malamin da aka yi wa wannan magana ya san me ake nufi. An ɗaure shi ne da igiyar kunya, an ce masa lokaci ya yi. Malam Ɗanjuma ya faɗe ta yana jiran a ce masa, haba Baba, ai ya gama, gobe zan sa hannu.

Farfesa ya riƙe hannun Abdurrahim, fuskarsa ta cika da jin daɗi.

"Baba, you don talk am finish, ka gama magana. Da duk iyaye irinka ne, da ƙasar nan ta gyaru." Ya juya ga Abdurrahim ya koma Turancin jami'a. "Kada maganar Juma'a ta dame ka. Aikin nan ya fi ƙarfin a yi masa gaggawa. In wa'adin ya wuce, akwai hanya. Sai mu sake maka rajista sabuwa, ni da kaina zan tsaya a kai. Ba za ka rasa gurbi ba muddin ina raye."

Tsohon bai kama duka ba. Ya ji an ce kada a damu, ya ji an ce ni zan tsaya, sai ya shiga godiya yana sa albarka. Abdurrahim ya buɗe baki, ya dubi ubansa a zaune a ƙasa yana murmushi, ya rufe.

Matar Farfesa ce ta leƙo ta ce a shigo da naman ta baya. Malam Ɗanjuma ya ce shi zai nuna mata yadda za a raba cinyar, don kada a lalata ta. Suka zagaya. A barandar kicin akwai wata doguwar firiza sabuwa, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba. Ta ɗaga murfin tana neman wuri. Cike take. Ƙunshi a kan ƙunshi, kowanne da irin ɗaurin da mutum ɗaya ne kawai ke yin sa a Trans-Amadi. Wasu ƙanƙara ta rufe su har sun yi fari.

Matar mai raha ce, kuma har ga Allah ba da mugunta ta yi maganar ba.

"Baba, na because of you we buy this one o. The old one no dey contain again." Ta yi dariya ta dafa kafaɗar Abdurrahim. "I don tell my husband, make this our Abdul no finish quick. If e finish, who go remember us?" Wato saboda naman tsohon suka sayi firizar, kuma ta gaya wa mijinta kada Abdul ya gama da wuri, don in ya gama, wa zai tuna da su?

Shekara arba'in da bakwai a Fatakwal, babu kalmar da ta wuce Malam Ɗanjuma a ciki. Ya tsaya da tozo a hannu yana kallon cikin firizar. Ya kai ɗayan hannun ya taɓa wani ƙunshi na ƙasa, ya shafa ƙullin da babban yatsa. Daga nan ya ajiye tozon a kan sauran, ya ce mata a yanka cinyar ta bin gaɓa, ya yi sallama.

Suka hau keke suka koma Mile One. Da Malam Ɗanjuma zai sauka sai ƙafarsa ta ɗan gurɗe, Abdurrahim ya tare shi, ya ji jikin tsohon ba nauyi.

* * *

Ranar Alhamis Farfesa bai shigo ba. Ranar Juma'a Abdurrahim ya isa sashen tun ƙarfe bakwai, da fom ɗin a cikin leda don kada gumi ya taɓa shi. Ya zauna a kan bencin da ke fuskantar ofishin. Ɗalibai 'yan aji ɗaya suka yi ta wucewa suna gaishe shi, sun ɗauka malami ne. Ya je masallaci ya dawo da gudu-gudu, ko addu'a bai tsaya ba. Ya kira wayar sau tara, tana shiga ba a ɗauka.

Ƙarfe uku da rabi Anti Theresa ta fito ta zauna kusa da shi a kan bencin, da ambulan a cinyarta.

"Ya tafi Abuja tun jiya da safe. Taro ne, za a karrama shi a kan na'urar." Ta juya ambulan ɗin a hannu. "Ya hana ni gaya maka sai an tashi. Ya bar maka wannan."

Fom ɗin sabuwar rajista ne. Ba a cika komai a ciki ba, sai wuri ɗaya. A can ƙasa, inda aka rubuta sunan malami mai duba aiki, ga sa hannun Farfesa da shuɗin biro, babba, mai lanƙwasa, har da hatimi. Shekara uku Abdurrahim yana bin wannan sa hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ka yafe min," in ji ta. "Shawarata ce ta ƙara ɓata abin."

"Ba ke ba ce, Anti. Ko an kai ko ba a kai ba, nan za a zo."

Suka zauna tare har agogon baranda ya nuna huɗu. Ba abin da ya faru. Wani ya zo ya rufe tagogi.

Da ya isa gida ya tarar da ubansa a tsakar gida a kan tabarma, abin mamaki, don tsohon ba ya zuwa gidan ɗansa sai da dalili. Zakiyya ta ajiye masa abinci ya huce ba a taɓa ba, ta ja Bashira sun shige ɗaki. Abdurrahim ya gaishe shi ya zauna a gefen tabarmar.

"Ya sa hannun?"

"Ya sa, Baba. Amma ba a wancan ba." Ya miƙa masa takardar.

Malam Ɗanjuma ya riƙe ta nesa da ido, kamar mai iya karantawa. "Me ta ce?"

"Ta ce in sake farawa daga aji ɗaya."

"Bakwai ɗin fa?"

"Sun tafi."

"In ka sake, shekara nawa?"

"Mafi ƙaranci uku. In ya ga dama."

"In ka bar shi ka koma wata jami'ar?"

"Na'urar da sunansa take, Baba. Sakamakon ma duk ya buga da sunansa a gaba. In na tafi, da hannuna kawai zan tafi."

Tsohon ya ajiye takardar a kan tabarma. Ya buɗe tafin hannunsa na hagu, mai cike da tabon wuƙa, ya fara lanƙwasa yatsu yana motsa baki, yana ƙirga shekarunsa masu zuwa. Saba'in da uku. Saba'in da huɗu. Ya kai kan na ukun ya tsaya, bai lanƙwasa shi ba. Ya daɗe a haka. Abdurrahim ya kawar da kai, don bai taɓa ganin tsoro a fuskar ubansa ba kuma ba ya son ya fara yau.

"Na ɗauka malami ne," in ji tsohon a hankali. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma Abdurrahim ya san ban-haƙuri ne.

"Na sani, Baba."

"Ka cika takardar."

"Baba..."

"Ka cika, Abdurrahim. Ba za a ce bakwai ɗin sun tafi a banza ba." Ya dafa bango ya miƙe da kyar. "Gobe ba sai ka zo Trans-Amadi ba. Ni zan kai masa da kaina. Kai dai kada hannunka ya sake ɗaukar masa nama."

Ya ɗauki buta ya nufi bakin famfo, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba. Abdurrahim ya jawo takardar, ya ɗora ta a gwiwa, ya rubuta sunansa da sunan ubansa. Da ya ɗago, tsohon na tsugune ya ba shi baya, butar ta cika tana zuba a ƙasa, bai kashe famfon ba.